Me ya sa kumfar sabulun da na haɗa wa yara take fashewa tun kafin ta tashi?

Wata uwa ce ta yi tambaya. Ta ce ta haɗa wa 'ya'yanta ruwan sabulu domin su yi wasan hura kumfa, amma da zarar sun hura sai kumfar ta fashe a bakin zoben da ake hura ta da shi, ko kuma ta ɗan tashi kaɗan ta ɓace. Ta yi ta ƙara sabulu har ruwan ya yi kauri, abin bai gyaru ba, alhali kuwa irin wanda ake sayarwa a kwalba yana ba da kumfa mai daɗewa a iska. Tana son a gaya mata abin da ake zubawa da kuma gwargwadon kowanne.

Malama, ƙarin sabulu shi ne dabarar da kusan kowa yake fara gwadawa, kuma ita ce wadda ta fi saurin ɓata haɗin. Dalili kuwa shi ne fatar kumfa kusan dukkanta ruwa ce, sabulun ɗan rufi ne kawai da yake lulluɓe ruwan nan ta ciki da ta waje. Idan kika riƙe wannan, to duk sauran bayanin zai zo miki da sauƙi, domin aikin mai haɗa ruwan kumfa gaba ɗaya bai wuce neman hanyar da zai tsare wannan ɗan siririn ruwa ba, kada ya bushe, kada kuma ya tsiyaye ƙasa da wuri.

Ruwa zalla ba ya yin kumfa mai tsayawa, saboda ƙwayoyinsa suna jan juna da ƙarfi ƙwarai. Wannan jan ne yake sa ɗigon ruwa ya dunƙule a kan ganye, kuma shi ne yake sa allura ta iya kwanciya a saman ruwan da ke cikin kofi ba tare da ta nutse ba idan an ajiye ta a hankali. Da an shimfiɗa ruwa zalla ya zama fata, nan take jan zai tattare shi ya koma ɗigo. Ita kuwa ƙwayar sabulu tana da ɓangare biyu, kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa, don haka idan ta shiga ruwa sai ta nufi samansa ta tsaya, kanta a cikin ruwa, wutsiyarta a waje cikin iska. Jeruwar da ƙwayoyin suke yi a haka tana rage ƙarfin jan nan har ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku na yadda yake, sai ruwan ya yarda a miƙe shi. Akwai kuma wani aiki na biyu da ya fi wannan muhimmanci: duk inda fatar ta miƙe ta yi siriri, ƙwayoyin sabulun wurin sukan yi ƙaranci, jan ya ƙaru a daidai nan, sai ya janyo ruwa daga gefe ya cike gurbin. Wato fatar tana ɗinke kanta da kanta. Masana suna kiran wannan da sunan Carlo Marangoni, masanin kimiyya ɗan Italiya da ya yi nazarinsa a 1865.

To a nan ne ƙarin sabulu yake zama asara. Saman fatar yana da iyakar ƙwayoyin da zai iya ɗauka, kuma da zarar ya cika, duk abin da aka ƙara ba shi da wurin tsayawa, sai ya dunƙule cikin ruwan ya yi ta yawo. Haɗin ya yi nauyi da yauƙi, kumfar da ya bayar kuma ta rinjaya ƙasa ta faɗi, ko ta ƙi rabuwa da zoben.

Abubuwa uku ne suke kashe kumfa. Na farko, ruwan da ke cikin fatar yana gangarowa ƙasa saboda nauyinsa, har saman kumfar ya yi siririn da ba zai iya riƙe kansa ba. Na biyu, ruwan yana ƙafewa cikin iska. Na uku, wani busasshen abu ko mai maiƙo ya taɓa ta, ko da ƙwayar ƙura ce. Na farkon kina iya ganinsa da idonki, kuma ina so ki gwada tare da yaran. Ki jiƙa faranti da ruwan haɗin, ki hura kumfa a kansa ta zauna kamar rabin ƙwallo, sannan ki zuba mata ido kusa da taga. Da fari za ki ga launuka suna murɗawa, kore da shuɗi da ja-ja. Can sai su jeru layi-layi suna sauka ƙasa. Daga nan sai ƙololuwar ta koma ruwan zinariya, ta yi fari-fari, sannan wasu ɗige-ɗige baƙaƙe su bayyana kamar an huda ta, kuma ba a jimawa bayan haka take fashewa. Launukan nan awon kaurin fatar ne, domin haske yana dawowa daga bayanta da kuma cikinta, dawowar biyu su haɗu su ƙarfafa wani launi su danne wani, gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Kaurin da ake magana a kai ya gaza na silin gashin kai sau ɗari ko fiye, baƙin ɗigon kuwa alama ce ta cewa fatar ta yi siririn da har hasken ma ba ya dawowa daga gare ta. Isaac Newton ya bayyana waɗannan launuka da baƙaƙen ɗige-ɗigen a littafinsa kan haske da aka buga a 1704. Amfanin wannan a gare ki shi ne, haɗin da kumfarsa take fita da launuka masu kauri suna daɗewa suna juyawa haɗi ne mai kyau, wanda kuwa kumfarsa take fita fara fat tun daga farko, to fatarsa ta yi siriri da yawa.

Sai mu zo kan kayan haɗin, mu fara da ruwa, wanda mutane ba su cika zarginsa ba alhali sau da yawa shi ne mai laifin. Ruwan da ya ratso duwatsu a ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauko sinadaran kalsiyam da magnesiyam, kuma waɗannan suna kama sabulu su mayar da shi wani farin dusa-dusa da ba ya narkewa. Alamar irin wannan ruwa ita ce sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, kuma yana barin farin ɓawo a gindin butar dafa ruwa. Idan irinsa ne a gidanki, ki nemi tataccen ruwa irin wanda aka turara aka tara tururinsa, ko ruwan sama mai tsabta da aka tace. Tafasa ruwan a bar shi ya huce ya kwanta yana rage wani ɓangare na matsalar, ko da yake ba ya kawar da ita duka.

Sabulun da ya fi dacewa shi ne na ruwa wanda ake wanke kwanuka da hannu da shi, musamman mai kauri wanda ba a tsinka shi ba. Sabulun sanda na wanka ko na wanki shi ne ya fi shan wahala a hannun sinadaran da na ambata, kuma idan aka narka shi yakan daskare ya yi yauƙi bayan ya huce. Garin sabulun wanki kuma an haɗa shi da wasu sinadarai masu kaifi saboda cire datti daga tufafi, yana cin fatar hannu, yana da zafi a ido, wasu nau'o'insa ma da gangan aka sa musu abin rage kumfa. Wanda ake zubawa a injin wanke kwanuka kuwa kada ma ya kusanci wannan wasa, domin ba ya kumfa kuma yana ƙona baki da maƙogwaro. Ga yara ƙanana sosai ana iya amfani da sabulun wanke gashin jarirai wanda ba ya sa hawaye. Kumfarsa ba ta kai ta sabulun kwanuka ƙarfi ba, amma a ganina wannan rangwame ne da ya cancanta idan yaron bai kai ga kiyaye idonsa ba.

Abu na uku a kayan haɗin shi ne wanda ya bambanta ruwan kwalba da na gida, wato gilisirin. Ruwa ne mai kauri, marar launi, mai ɗan zaƙi, ana samunsa a wuraren sayar da magani da na kayan kwalliya, kuma asalinsa ma daga mai da kitse yake fita a yayin dafa sabulu. Halinsa shi ne yana riƙe ruwa, har yana janyo laima daga iska, don haka yana jinkirta bushewar fatar, kaurinsa kuma yana rage saurin tsiyayewarta. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Joseph Plateau, masanin ƙasar Beljiyam wanda ya shafe shekaru yana nazarin fatar sabulu har ya wallafa babban aikinsa a 1873, bayan ya daɗe da rasa ganinsa, da haɗin sabulu da gilisirin ya yi gwaje-gwajensa. A 2022 ma wasu masu bincike a Jami'ar Lille ta Faransa sun ba da rahoton wata kumfa da suka yi da ruwa da gilisirin da ƙananan ƙwayoyin roba, wadda ta yi kwana 465 ba ta fashe ba. Ba irinta za ki yi a gida ba, amma labarin yana nuna irin tasirin da hana bushewa yake da shi. Idan gilisirin bai samu ba, sukari yana yin wani abu na aikinsa, sai dai yana barin danƙo a hannu da ƙasa, yana kiran tururuwa da ƙudaje, kuma haɗin da aka yi da shi ba ya daɗewa bai lalace ba.

Ga gwargwadon da nake ba da shawarar a fara da shi. A ruwa lita 1, a zuba sabulun kwanuka mililita 100, wato kashi ɗaya na sabulu cikin kashi goma na ruwa, sai gilisirin babban cokali 1 zuwa 2, wanda ya kama mililita 15 zuwa 30. Idan sukari ne, babban cokali 2 ya isa, a narka shi sarai a ruwan tun yana da ɗumi kafin a sa sabulu. Na ce a fara da shi ne domin sabulai sun sha bamban wajen ƙarfi: mai tsinkakken ruwa zai iya buƙatar kashi ɗaya cikin shida, mai kauri sosai kuma zai iya wadatarwa da kashi ɗaya cikin goma sha biyar. Hanyar ganewa ita ce a tsoma zoben a ɗaga. Idan fata ba ta kama ba ko tana tsinkewa nan take, a ƙara sabulu cokali ɗaya a sake gwadawa, idan kuwa tana kamawa amma kumfar tana faɗuwa ƙasa da ɗigo rataye a gindinta, to ruwa za a ƙara. Gilisirin ma yana da iyaka, yawansa nauyi yake ƙara wa kumfa.

Yadda ake haɗawa yana da tasiri kamar abin da ake haɗawa. A fara zuba ruwa a mazubi mai tsabta wanda babu ɓurɓushin mai a cikinsa, sannan a tsiyaya sabulun a hankali ta gefe, a juya da cokali sannu-sannu. Kada a girgiza kwalbar, kada kuma a kaɗa shi da ƙarfi. Mutane da yawa suna ganin farar kumfar da ta taru a sama su ɗauka alamar kyau ce, alhali ita ce take manne wa zoben ta hana fata guda ɗaya shimfiɗuwa, kuma ta ajiye wuraren rauni da fatar za ta tsage ta nan. Idan ta taru, a kwashe ta da cokali a zubar. Bayan haka a rufe haɗin a bar shi ya kwana. Wannan hutun yana ba ƙananan kumfar ciki damar fita, kayan kuma su gauraya sosai, kuma bambancin haɗin da ya kwana da wanda aka yi yanzu-yanzu abu ne da yara ma suke lura da shi.

Idan yaran sun fara neman manya-manyan kumfa, irin masu tsawon mutum, to gilisirin kaɗai ba zai kai su ba, domin a nan abin da ake bukata shi ne fatar ta iya miƙewa sosai ba tare da ta tsinke ba. Abin da yake ba da wannan shi ne garin guwa, wanda ake samu daga ƙwayar wani nau'in wake da aka fi nomawa a Indiya da Pakistan, ana kuma amfani da shi wajen kaurara abinci. Ƙwayoyinsa dogaye ne kamar zare, suna sarƙewa da juna cikin ruwan su riƙe shi a lokacin da ake jansa. Masu bincike a Jami'ar Emory ta Amurka sun wallafa nazari a kan haka a 2020, kuma haɗin da suka bayar ya ƙunshi ruwa lita 1, da sabulun kwanuka mililita 50, da garin guwa giram 2 zuwa 3, wato wajen rabin ƙaramin cokali a cike, da bekin fauda giram 2, wanda yake daidaita ruwan kada ya karkata ga kanwa-kanwa. Ki lura cewa sabulun a nan ya ma fi na haɗin farko ƙaranci. Wahalar garin guwa ɗaya ce, idan aka zuba shi kai tsaye cikin ruwa sai ya yi gudaji, don haka su sun fara dama shi da sifirit kafin su zuba ruwa. A gidan da ke da ƙananan yara na fi son a dama shi da ɗan gilisirin ya zama kamar kunu, sannan a zuba ruwan ɗumi ana juyawa na wasu mintoci, a sa sabulu a ƙarshe.

Abin hurawa ma yana da nasa rabon. Zoben waya mai santsi ba ya riƙe ruwa da yawa, fatar tana ƙarewa kafin kumfar ta girma. Amma idan aka naɗe shi da zaren auduga, zaren zai sha ruwan ya riƙa shayar da fatar a hankali. Don manyan kumfa kuwa, sanduna biyu ake samu a ɗaura musu igiyar auduga biyu, ta sama gajeriya, ta ƙasa mai tsawon ninkinta da ɗan abu mai nauyi rataye a tsakiyarta. A tsoma igiyar sandunan suna haɗe, a ɗaga a hankali, a buɗe su, a ja da baya taku biyu ko uku iska ta cika fatar, sannan a sake haɗa kan sandunan domin kumfar ta rufe ta rabu. Ko wace irin siffa zoben yake da ita, kumfar da ta rabu da shi za ta nemi zama ƙwallo, saboda fatar kullum tana neman tsukewa, kuma a cikin dukkan siffofi ƙwallo ne yake rufe iska mai yawa da fata mafi ƙanƙanta. A koya wa yara su hura a hankali da dogon numfashi; hurawa da ƙarfi tsaga fatar take yi, ko ta ba da 'yan ƙanana da yawa a maimakon babba guda.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kwalba sam, shi ne yanayin ranar. Haɗin da ya yi kyau jiya zai iya ba ki kunya yau ba tare da wani abu ya canza a cikinsa ba. Ki auna da shanya: duk ranar da tufafi suke bushewa da wuri a kan igiya, saboda zafin rana ko busasshiyar iska, to ranar kumfa ba za ta daɗe ba, balle idan akwai ƙura a iskar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe, ko da yamma bayan rana ta yi sanyi, ko bayan an ɗauke ruwan sama, a inuwa, inda iska take kaɗawa kaɗan-kaɗan. Idan yaro yana son kama kumfa a tafinsa, ya fara jiƙa hannunsa da ruwan haɗin har wuyan hannu. Busasshen yatsa yana fasa ta nan take, amma jiƙaƙƙe yana iya ratsa ta ya shiga ciki ya fito tana nan.

Maganar tsaro ba zan taƙaita ta ba, domin yara ne za su riƙe abin a kusa da bakinsu da idonsu. Kada a taɓa sa bilic ko wani maganin wanke banɗaki ko na kashe ƙwayoyin cuta a cikin haɗin da sunan ƙara masa ƙarfi ko hana shi lalacewa. Yaron da bai kai shekara uku ba yakan zuƙa a maimakon ya hura, don haka kada a ba shi bututu. Babba ya hura masa, shi kuma ya bi kumfar yana kamawa. Idan ruwan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa na tsawon mintoci, a hana yaron murzawa, idan jan ido ko zafin bai lafa ba a kai shi asibiti. Idan ya haɗiyi kaɗan, a kurkure masa baki a ba shi ruwa ya ɗan sha, kada a tilasta masa yin amai, domin kumfar tana iya bin hanyar numfashi. Idan ya sha da yawa, ko yana ta amai, ko tari ya sarƙe shi, a nemi likita ba tare da jinkiri ba. Ruwan sabulu yana sa daɓen siminti da tayil santsi ƙwarai, musamman wanda aka sa wa garin guwa, saboda haka a yi wasan a kan ƙasa ko ciyawa, nesa da matakala da hanyar mota. Bokiti ko baho mai ruwa kuma, ko da ruwan bai da zurfi, haɗari ne ga yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya, kada a bar shi a buɗe ba tare da babba a wurin ba.

Abin da ya rage bayan wasa a zuba shi a mazubi mai murfi, a rubuta sunansa a jiki, a ajiye a wuri mai sanyi inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma kada ya zama kwalbar abin sha da yaro zai iya ɗauka ya kafa kai. Wanda aka riga aka yi ta tsoma hannu da zobe a cikinsa ya ɗebi ƙura da maiƙo, bai kamata a mayar da shi cikin sabo ba. Gara a riƙa ɗiban na wasan ranar a ƙaramin kwano. Haɗin sabulu da gilisirin yana iya yin makonni a rufe, mai sukari ko garin guwa kuwa kwanaki kaɗan yake yi, kuma da zarar ya canza wari ko ya yi gurɓi-gurɓi sai a zubar.

Shi kuwa haɗin da kika riga kika yi wanda ya yi kauri, ba sai kin zubar da shi ba matuƙar sabulun kwanuka ne a ciki. Ki ɗebi kofi ɗaya daga cikinsa, ki ƙara masa kofi biyu na ruwa mai kyau da ƙaramin cokali biyu na gilisirin, ki juya a hankali, ki kwashe kumfar sama, ki rufe shi ya kwana, sannan ki gwada da safe a inuwa. Idan fatar ta kama zoben amma kumfar tana rinjaya ƙasa, ki ƙara ruwa rabin kofi. Idan kuwa ta ƙi kamawa, ki mayar da cokali biyu na tsohon haɗin, ki riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji domin ki san wanda ya yi aiki.